Birkin Gefen Malami

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, yara kuma suna lafiya. Bayan haka, ina sanar da ke da duk mai ruwa da tsaki cewa a yau, bayan dogon nazari, na ɗauke kofin shayin marigayi Dogo daga kan taga na sa a kabad. Ba a yi zanga-zanga ba.

Kin dai tuna Dogo, babban malaminmu a makarantar koyon tuƙi, wanda tirela ta murƙushe a mahaɗar gidan mai yana bakin aiki. Na ɗauki wani a gurbinsa, muna ce masa Shiru. Mota ma sabuwa ce, mai birki biyu kamar yadda aka saba: ɗaya na ɗalibi, ɗaya a gefen malami. To, duk sanda suka isa mahaɗar nan sai mota ta tsaya cak, ko da titi ba kowa. Ɗalibi ya ce bai taka ba, Shiru ya rantse ba shi ba ne. Ɗalibai sun fara zamewa, wai Dogo bai ajiye aiki ba.

Ni kuwa kin san mutum ne mai karatu. Littattafan shugabanci sun ce a yanka matsala gunduwa-gunduwa, na kuwa yanka. Makanike ya kwance birkin ya mayar, ya ce ya fi ni lafiya. Na kira taro, aka sha lemo aka watse. Na so canza hanya, amma ta nan masu jarrabawa suke bi da ɗalibai. Gunduwar da ta rage ita ce Shiru: matsoraci ne, yana takawa yana musu. Ƙarshen wata zan sallame shi.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa, ƙafa da sauƙi. Kai dai da littattafanka! Mutumin da za ka raba da abincinsa, ka ma tambaya ko yana da iyali? Matarka ta faɗa mini tun rasuwar nan ba ka ƙara bi ta mahaɗar ba, ta bayan kasuwa kake zagayowa gida kamar mai gudun surukai. Shi kuwa kullum sai ya bi. Kafin ka kira wani matsoraci, ka shiga motar ka zauna inda yake zama. Gani ya kori ji.

Kofin kuma ba na kabad ba ne, ka kai wa matar marigayin.

Allah ya yi maka albarka.
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa, ashe da ’yar leƙen asiri nake zaune ban sani ba. Zagayen da nake yi saboda ramuka ne, kowa ya san taya ba ta son wulaƙanci.

Na tambayi Shiru. Yana da iyali, har da na goye. Da na faɗa masa shawarata bai yi gardama ba, sai dai ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ban san marigayin ba, ko hotonsa ban taɓa gani ba. Amma idan muka doshi wurin nan, sai in ji kamar ba ni kaɗai ke kan kujerar ba.”

Na yi dariya. Ba ta fito da kyau ba.

Gobe zan cika umarninki. Ni zan zauna a gefen malami, hannu a gwiwa, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin kujera, Shiru a baya ya zama shaida. Idan muka wuce lafiya, ya tattara nasa ya nasa.

A gaida yara.
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Mun je da rana tsaka, titi fayau, wata ɗaliba tana tuƙinta a natse. Muna isa mahaɗar mota ta ƙame, har goshina ya kusa taɓa gilashi. Na juyo zan yi faɗa, sai Shiru ya leƙo daga baya ya ce a hankali, “Ranka ya daɗe, duba ƙasa.”

Ƙafata ce a kan birki, ta danne shi har ƙarshe. Ban san lokacin da ta fito ba.

Shiru yana nan a bakin aikinsa. Ni ne na yi kuskure. Ki sa mu a addu’a.

Ƙaninki, Auta