Rabin Ruwan Butar Zlatka

Plovdiv, 6 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Nevena,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Mihail da yara a can Sifaniya. Allah ya sauƙaƙe miki ciwon gwiwar nan. Mu nan muna lallaɓawa. Gidan ya yi mini girma tun rasuwar matata Zlatka, har yau kofi biyu nake saukowa da su da safe.

Kin ce in ba ki labarin addu'ar arba'in. Kin san 'yarmu Bilyana shekara huɗu ke nan tana jami'a, tana karanta adabin Ingilishi da tarihin al'adun Birtaniya. Ni da na ƙare ƙarfina a gyaran jirgin ƙasa, na sha tsokanarta cewa wahalar ƙasarmu ba ta ishe ta ba, sai ta aro ta Ingila. Kundin kammalawarta a kan takabar matan Ingila ne a zamanin da. Uwarta ce mai sauraro. Duk babin da ta gama sai ta karanta mata a kicin, Zlatka ko kalma ɗaya ba ta ji, amma kullum sai ta ce ya yi daɗi.

To, ranar kare kundin sai ta faɗo daidai ranar arba'in, duka ƙarfe goma, kuma wanda bai zo ba sai baɗi. Bilyana ta ce ba za ta jami'ar ba. Surukata Gergina ta ɗaure mata gindi, wai 'ya ɗaya tilo, ta tafi koke-koken mutanen Ingila ta bar uwarta, me za a ce a coci? Raina ya ɓaci. Na ce in Zlatka ta ji an ajiye shekara guda saboda ita, tasowa za ta yi ta wanke mu tas.

Da safe yarinyar ta shirya, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi fita. Na daka mata tsawa cewa mota za ta wuce. A hankali ta ce ai ba a zuba mata ruwa ba. Yaya, kunya ta kama ni. Tun tana aji ɗaya Zlatka ke zuba ruwa a gabanta duk ranar jarrabawa don hanya ta buɗe, ni ban taɓa riƙe butar ba. Butar tana cikin kwandon maƙabarta kusa da dafaffiyar alkamar sadaka, cike da ruwan da za a zuba a kabari. Na ciro ta, na zuba rabi a gabanta, har na jiƙa mata takalma.

Ta ci, da sakamako mai kyau. Da la'asar ta sauka daga mota ta wuce maƙabarta, ta same ni ni kaɗai, don na hana kowa taɓa ragowar ruwan. Ta zuba wa uwarta, sannan ta zauna ta karanta mata babin ƙarshe, wanda Zlatka ba ta kai ga ji ba. Ni ma ko kalma ɗaya ban ji ba. Da ta gama ta ɗago kai tana jira, sai na ce ya yi daɗi.

Ki gai da Mihail, da Rumen da Desislava. Gergina na gaishe ki, ko da yake ni har yanzu da kyar take amsa mini.

Ƙaninki,
Tsvetan