Malamin da Ɗalibarsa Ta Koya Wa Karatu

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, yara ma lafiya, ciwon bayan nan kuma ya sake ki. In bai sake ki ba, ki rage zama a kan keken ɗinki, kayan mutane ba gudu za su yi ba.

Ni lafiyata lau, sai dai kewarku. Mu huɗu ne a ɗakin kwanan ɗalibai, gadaje sama da ƙasa. Yaran sun bar mini na ƙasa saboda furfurata, kuma tun ranar farko suka laƙaba mini Baba. A zauren lakca mun fi ɗari uku, malamin yana can nesa riƙe da abin magana, na ma girme shi.

Kada ki sa wa ranki damuwa da sharaɗin da ofishin ilimi ya gindaya mini. Na san abin da takardar ta ce: in na faɗi darasi biyu a zangon farko, an soke hutun ƙaro karatun, in koma aji. To wanda ya shekara goma sha huɗu yana koyar da 'yan aji shida, shi za a nuna wa yadda ake karatu? Ba kalmar da za ta fito daga bakin malami ban kama ta a takarda ba. Da yamma in sake kwafewa a littafi mai tsabta, in ja layi da rula, kan magana kuma da jan biro. Layi ake yi wajen aron littafina.

Ga labarin da zai ba ki dariya. Kin tuna 'yar mai gyaran rediyon nan na bakin kasuwa, wadda na sa wa suna Don-Me saboda komai na faɗa a aji sai ta ce don me? Ajinmu ɗaya yanzu. Ta girma, ta yi hankali, ta zo ta gaishe ni da ladabi. Amma rubutun nan nata yana nan kamar kaza ta bi ta kan takarda. Na leƙa littafinta, lakcar awa biyu ko shafi ɗaya ba ta cika ba, sai kibiyoyi da alamar tambaya. Na yi mata nasiha, ta yi godiya. Tausayi take ba ni.

Ki gaishe da Inna da yara.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da bayanki ya yi sauƙi.

Na daɗe ina juya biro kafin in rubuta wannan. An yi mana gwajin farko na ilimin halittu, na ci uku cikin ashirin. Uku, Maman yara. Makin da in yaro ya kawo mini nake aika a kira ubansa.

Tambayar ba ta cikin littafina. Cewa aka yi, manomi ya zuba wa shuka taki da yawa, yana ba ta ruwa kullum, amma ta yi yaushi ta mutu, a bayyana dalili. Na binciki kaina kaf ban sami inda malami ya ambaci manomi ba. Sai na zazzage musu ma'anar da na haddace ta yadda ruwa yake ratsa jikin saiwa, kalma bayan kalma, har da waƙafi. Malamin ya rubuta mini a gefe cewa ya san abin da ya faɗa, abin da na gane yake nema. Abin haushin ma, ni ne na kashe miki tumatirinki na bayan ɗaki da taki bara, kika yi kwana biyu kina harara ta. A gabana abin ya faru, amma ban haɗa shi da karatun ba.

Don-Me ta ci sha tara. Ban tambaye ta ba, a allon sanarwa na gani.

Saura mako bakwai a fara jarrabawa, kuma sauran darussan duk haka nake karanta su. Gaskiya tsoro ya kama ni. Ina tuna yadda yaran da nake koyarwa suka raka ni har bakin titi ranar da zan taho. Da wane ido zan kalle su in an dawo da ni? Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Da fatan gida lafiya. Na gode da faɗan da kika yi mini a wasiƙarki, ya shige ni. Kin ce girman kai ne zai dawo da ni gida, ba jarrabawa ba. Na haɗiye shi, na je na sami yarinyar a ɗakin karatu.

Ki ji hankali irin nata. Da ta ga ina kame-kame, sai ta ce ai ita ce take neman alfarma, wai in ara mata littafina don ya fi na kowa cika. Na san rufa mini asiri take yi. Ta buɗe babin saiwa ta ce in karanta shafi biyu, na karanta. Sai ta rufe littafin ta ɗora jakarta a kai, ta miƙo mini farar takarda, wai in rubuta abin da na gane da kalmomina. Na yi layi uku na tsaya. Ba ta yi dariya ba. Ta ce wurin da na tsaya ɗin shi ne karatun yau, sauran na riga na iya, kada in ɓata lokaci a kansa.

Yanzu haka muke yi, mu biyar, ƙarƙashin wata bishiya a bayan ɗakin karatu, kullum bayan lakcar rana. Ta hana ni kwafe-kwafen yamma. A lakca in saurara, in rubuta abin da ya fi muhimmanci, inda ban gane ba in sa alamar tambaya in wuce. Abin da muka karanta yau za ta sake tambayarmu jibi, ta kuma tambaya bayan mako, lokacin da mutum ya fara mantawa. Ta samo tambayoyin shekarun baya, muna amsawa da agogo a gabanmu. Kowa kuma yana da ranar da zai tashi ya yi wa sauran bayani hannu biyu ba komai.

Ranar tawa na miƙe da muryar aji, na ɗauka nan ne fagena. Jimla biyu na yi ta jefo mini don me. Na amsa, ta ƙara wata. A ta uku na ƙare. Na ji raina ya fara ɓaci kamar da, sai na tuna yanzu ba ni da sanda, ba ni kuma da amsa. Muka koma littafi tare muka nemo.

Ban taɓa ganin mai koyarwa irinta ba. Ba ta ba ka amsa, ba ta kuma barin ka ka ji kunya. In ba ta sani ba sai ta ce ba ta sani ba, ta rubuta tambayar, gobe ta tare malami a bakin ofis. Ni a shekara goma sha huɗu ban tuna ranar da na ce wa yaro ban sani ba.

Jiya na bayyana musu yadda taki yake janye ruwa daga saiwa, da misalin tumatirinki, har suka tafa mini. Kin ga asararki ta yi rana.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga Maman yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da yara, da fatan kowa lafiya.

Sakamako ya fito da safiyar yau. Na tsallake duka. Ɗaya da ƙyar na haye, amma na haye. Ba za a dawo da ni ba. Yanzu kina iya gaya wa Inna komai. Don-Me ce ta ɗaya a ajinmu, ba wanda ya yi mamaki.

Daga allon sanarwa na wuce neman ta don in yi godiya. Na tambaye ta wa ya koya mata wannan hanyar karatu, ina zaton za ta ambaci wani malamin sakandare. Sai ta ce ni ne.

Wai a aji shida, in ta dame ni da tambaya, nakan karɓe littafinta in kore ta waje. Sai ta tsaya bayan taga tana saurare, ba biro ba takarda. In ta koma gida, kakarta, wadda ko baƙi ba ta sani ba, takan tambaye ta me aka koya yau. Dole ta tono shi daga kanta, ta faɗa da kalmomin da tsohuwar za ta gane. Wai a nan ta lura cewa darasin ranar da na kore ta ya fi zama mata fiye da na ranar da ta kwafa daga allo. Da fara'a take ba ni labarin, har tana cewa Allah ya saka mini da alheri.

Maman yara, ni ban ma tuna ba. Yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana tsaye a rana bayan tagata, ban tuna ba. Na roƙe ta gafara a gaban abokan karatunmu. Ta ruɗe, ta ce don Allah in bari, ita ba ta riƙe ni da komai ba. Na san da gaske take, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo.

Tun ɗazu nake tunanin sauran. Ita ta yi taurin kai ta tsaya a taga. Akwai waɗanda na kora sau ɗaya, daga ranar ba su sake ɗaga hannu ba, ni kuma na ce sun shiryu.

Zan iso ranar Asabar in Allah ya yarda. Kafin nan, ki taimake ni ki je wurin hedimasta. Ki ce masa na ci, ki kuma ce ina roƙon ya ba ni 'yan aji shida na mako uku kafin mu koma. Kada su zo da littafi. Duk wanda yake da tambayar da ya ji tsoron yi mini kafin in taho, ya taho da ita.

Mijinki mai kewarki,
Baban yara