Ƙwaryar Inna da Na Wanke

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Madobi baki ɗaya. Mu ma lafiya lau, Baba ya gama yankan alkama.

Yaya, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsohon ƙullun funkason marigayiya Inna, wanda muke tayar da sabo da shi, wanda kika raba mana biyu ranar da za a kai ki ɗakinki, nawa rabin babu shi tun wata biyu da suka wuce.

Akuyar Gwaggo ce ta shanye. Na ajiye ƙwaryar a gindin katanga don ya ji ɗumi, na shige bayan rumbu da littafin da na aro. Ina daidai wurin da saurayin labarin ya dawo daga tafiya, kin dai san ni da karatu. Ko da na ɗago, tana lashe baki. Don kar a gane, na wanke ƙwaryar tas da sabulu. Sai da na kife ta na tuna Inna tana cewa, "Ƙwaryar ƙullu ba ta son tsaftar amarya."

Tun daga nan yis nake sawa a ɓoye. Baba da yake cin huɗu ya nemi ƙari, yanzu biyu yake ci ya wanke hannu, ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwani." Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na gwada tayar da wani da garin alkamar bana. Na farko na kwaɓa da ruwan zafi, ya kwanta kamar kunun jiya. Na biyu na bar shi kusa da murhu, ga zafin nan da ake yi. Ya yi kumfa har na taka rawa ni kaɗai, washegari ruwa baƙi ya taru a kansa, ko kaji ba su kalle shi ba. Na uku yau kwanansa biyar cikin ƙwaryar Inna a gindin randa. Kullum da safe ina ɗebe rabi in ƙara gari da ruwa. Ya fara 'yan idanu, yana ƙamshi kamar nono, amma ya ƙi tashi.

Kin tuna yadda Inna take buga shi da hannu, ta kara kunne, ta ce, "Ku yi shiru, yana magana"? Mu yi ta dariya, ke har da kwaikwayonta. Ni ma na kara nawa kunnen, Yayata. Shiru.

Don Allah ki sammin daga naki, ko cokali ɗaya ne. Faɗan ma ki yi min, na yi kewarsa.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki, ya bar mu tare.

Da niyyata in cusa wasiƙar nan cikin littafi, wurin 'yan'uwanta da ban taɓa aikawa ba. To ɗazu na hango Baba ya ɗaga faifai ya shinshina ƙwaryar, ya daɗe a tsaye, sannan ya rufe a hankali. Jibi Gwaggo za ta zo wajenku. Zan damƙa mata takardar nan hannu da hannu, tare da ƙwaryar, ki zubo min naki a ciki.

Ƙanwarki mai laifi,
Uwani