A Dawo Mini da Direba da Fayaman

Zuwa ga Mudir na kantin kayan ƙetare da ke kusa da tashar jiragen ruwa, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, kuma an gama hidimar alhazai lami lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Garba, amma mutanenmu na Makka sun fi sanina da Garba Fayaman. Ina gyaran agogo da risho a wata 'yar rumfa a Ka'akiyya. Na rubuto maka sau biyu a rufe ban ga amsa ba. Na zo da ƙafata sau ɗaya, aka ajiye ni a benci tun hantsi har aka kira azahar, sannan aka ce ka fita. Shi ya sa wannan karon na rubuta a buɗe, na kuma ba da kofe a karanta a inda mutanenmu ke taruwa shan shayi. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san a nan aka haife ka, Larabci ya fi zama a bakinka, amma mahaifinka Bakatsine ne, kuma na tabbata da Hausa ya riƙa yi maka faɗa.

Na ɗaya: abin da ya sa tsoho kamata ya yi odar abin da akawunka ya kira kayan wasan yara.

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin reluwe a Zariya, ni ne fayaman, mai zuba kwal a cikin wutar kan jirgi. Direbana shi ne Malam Sambo. Shi ke tsaye a hannun tururi, ni ina riƙe da shebur, idan ya hango sigina ya kira, ni na amsa. Tare muka ajiye aiki, tare muka kamo hanyar gabas ta Fallomi da Sudan, tare muka binne matata a can kafin mu haye ruwa. Da muka sauke farali sai zama ya kama mu.

Makka gari ne mai albarka, amma babu layin dogo a cikinta. 'Ya'yan Sambo a nan suka girma, ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, idan yana ba su labari sai su yi murmushin ladabi su koma Larabcinsu. Ni kuwa ba ni da kowa. Saboda haka kullum bayan la'asar nakan rufe rumfa in tafi ɗakinsa a Aziziyya, mu dafa shayi, mu tayar da jirgi da baki. Shi ya kira Zariya, in ce an buɗe hanya. Ya kira Likoro, ya kira Gimi, ya kira Ɗangora, ina amsawa, wani lokaci ya zage ni wai na bar wuta ta yi sanyi a hawan tudu, har mu shiga Kano kafin magariba. Maƙwabta suna cewa tsufa ya taɓa mu, mu kuwa ko a jikinmu. Da yanar ido ta rufe masa gani shekara uku da suka wuce, wannan tafiyar ce kaɗai ta rage masa.

Wanda ya koya mana aikin wani Bature ne mutumin Ayalan, muna kiransa Mai Lofe. In kana son ganin fushinsa ka ce masa mutumin Ingila. A ofishinsa akwai hoton wani koren kan jirgi na ƙasarsu, yakan nuna mana shi yana cewa duk duniya babu irinsa, mu kuma mu ce masa kowa dai da nasa yabon. Ya daɗe da komawa gida, amma duk shekara takardarsa sai ta same mu. A takardar bara ya ce an sallami jiragen tururi a ƙasarsu, na dizal sun gaje su, amma wasu maƙera za su fito da sabon ƙaramin samfurin wannan koren, tsawon kamu ɗaya, ana wana shi da mabuɗi kamar agogo. Ya sako mana shafin tallan. Ya ce shi ba shi da halin shiga Makka, amma jirginsa ba wanda zai tare shi a hanya.

Na kwatanta wa Sambo hoton tun daga bututun hayaƙi har taragon kwal. Da na zo ɗakin direba na gaya masa akwai 'yan mutum-mutumi biyu a ciki, ɗaya da hannu a kan tururi, ɗaya ya sunkuya da shebur. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba, ya ce ai mu ne.

Na biyu: alkawarin da muka yi da kai.

A watan Muharram na kawo maka shafin nan hannu da hannu, na biya abin da ka ce a take. Ba maganar kuɗi ta kawo ni ba, kada ma a tayar da ita. Abin da nake so ka tuna shi ne na ɗora yatsana a kan mutum biyun nan na nuna maka su. Shekarata goma sha shida a ƙasar nan, na san yadda ake yi da duk wani abu mai siffar rai kafin ya shiga kanti: a kankare fuska ko a cire kai. Ban yi musu da wannan ba, ni ma Musulmi ne, a gaban Ɗakin Allah nake sallah. Na roƙe ka abu ɗaya, cewa in ya zama dole, a cire kawunan kawai a bar jikin, ko a bar ni in yi da magagarina na agogo a gabanku. Wanda zai riƙe jirgin makaho ne, ba fuska yake nema ba, kafaɗu biyu sun ishe shi. Ka dafa ƙirjinka ka ce wannan a wuyanka yake.

Ka ce wata uku. Daga baya aka ce mashigar Suez a rufe take, jiragen ruwa sai sun zagaya. Wannan ba laifinka ba ne, ban kuma ɗora maka ba. Wata tara muka yi muna jira. A cikinsu ciwon ƙirji ya kwantar da Sambo, ya daina zuwa Harami sai ranar Juma'a, daga baya ma sai an ɗauke shi. Amma ko sallama ban gama ba sai ya tambaye ni ko jirginmu ya iso tasha. A azumi ya ce mini in na ga ya riga jirgin tafiya, in wana shi sau ɗaya a madadinsa. Na ce masa ya daina wannan zance, direba ba ya sauka kafin a kai Kano.

Na uku: abin da na samu a cikin akwatin.

A farkon Shawwal saƙonka ya zo. Na karɓi akwatin daga hannun akawunka, na ga an sake ɗaure shi da sabuwar igiya, amma ban buɗe ba. Wannan wautata ce, na amsa ta. So nake Sambo ya zama na farko da zai taɓa shi. A kan cinyata na riƙo shi tun daga Jidda, yaron mota yana ta mita wai in sa shi a sama da sauran kaya.

Zan faɗi gaskiya game da aikin maƙeran, don ba su cuce ni ba. Na gyara agogo iri-iri, ban cika ganin aiki mai tsabta haka ba. Koren fentin ya zauna daram, da siririn zare mai haske a gefensa. Ƙananan ƙafafu huɗu a gaba, manya shida a baya, kuma sandunan da ke haɗa su suna tafiya tare ba tangarɗa idan ka juya da yatsa. Ƙusoshin tukunya a jere suke, ana jin kowanne. Har akwatin yashi sun sa, wanda in ba ɗan reluwe ba, ba wanda zai lura da shi. Aibinsa biyu na gani. Ƙofar wuta zane ce kawai, ba ta buɗewa, kuma kwal ɗin da ke tarago ya yi sumul da yawa, wanda ya ƙera shi bai taɓa ɗaga shebur ba. Waɗannan zan rubuta wa Mai Lofe in tsokane shi da su.

Duk wannan daga baya na duba. A ranar, jingina Sambo muka yi da bango na ɗora masa jirgin a kan bargo. Ya fara daga gaba. Ya shafa bututu, ya bi bayan tukunya, ya ƙirga ƙafafu da bakinsa, ya ce lallai wannan mai gudu ne, Mai Lofe bai yi ƙarya ba. Fuskarsa ta koma irin ta lokacin da muke reluwe. Sannan ya kai ɗakin direba ya zura yatsa. Na ga ya tsaya. Ya sake zurawa ta ɗaya gefen. Da ya zaro, jini ne a kan yatsan, domin an fizge mutum biyun da filaya, daɓen ɗakin ya yage ya miƙe tsaye, hannun tururi ya karye ya tafi tare da direban. Ya juyo inda yake jin numfashina ya tambaye ni ina muke.

Ranka ya daɗe, wata tara ina gaya wa makaho cewa yana cikin jirgin nan. Na ɗauko mabuɗi zan wana don in kawar da zancen, ya riƙe mini hannu. Ya ce kan jirgin da babu kowa a ciki ba a sakinsa a kan layi, doka ce, kuma ni ma na san ta. Ya sa na mayar da shi cikin akwati. Ranar ba mu je Kano ba, shayin ma a nan ya huce.

Washegari na dawo Jidda, ranar da aka ajiye ni a benci. Akawunka ya ce mini shi ya cire su da hannunsa, gumaka ne, kuma ya taimake ni ne. Na tambaye shi ko ka gaya masa abin da muka yi da kai, ya ce ba ka gaya masa komai ba. Na tambaye shi inda suke, ya ce yana jin ya jefa su a aljihun tebur ko a gwangwanin ƙusoshi, ba shi da lokacin dubawa, ga aikin Hajji ya taso. Ban zarge shi da mugunta ba. Yaro ne mai tsoron Allah da gaggawa, kuma ba shi ya dafa ƙirji a gabana ba.

Na gwada sassaƙa wasu da icen aswaki. Sambo ya taɓa su sau ɗaya ya ce in daina wahalar da kaina, waɗannan fasinjoji ne. A cikin Zulƙida, ranar wata Talata da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa sallah a Harami, muka kai shi. Jirgin bai taɓa tafiya ko taku ɗaya a gabansa ba.

Yanzu bayan la'asar ina rufe rumfa saboda sabo, sai in rasa inda zan nufa. Na gwada tayar da jirgin da baki ni kaɗai. Ina kaiwa Likoro nake tsayawa, domin aikina amsawa ne, ban taɓa koyon kira ba. A garin nan da duniya duka ke taruwa, babu sauran mutum ɗaya da ya san ni da shebur a hannu. Kaɗaici yana damuna, ba na jin kunyar faɗa. Kuma ina jin haushinka, shi ma ba zan ɓoye ba, domin kalma ɗaya da za ka faɗa wa akawunka ita ce ta fi ƙarfinka.

Na huɗu: abin da nake roƙo.

Kada a aiko mini da wani sabo, kada a mayar mini da ko kwabo. Daɓen da ya yage na riga na buge shi na like, hannun tururi kuma na ƙera wani da tagullar risho.

Ina roƙo ka sa a zazzage aljihun teburin nan da gwangwanin ƙusoshi. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba ne. Abin da ake nema bai fi ƙwallon dabino girma ba, ɗaya a tsaye, ɗaya a sunkuye. A cire musu kai a gabanka in ana so, a naɗe a takarda, a ba kowane direban motar Makka ya ce a kai wa Fayaman a Ka'akiyya. Ina da alkawarin wana jirgin sau ɗaya a wuyana, kuma ba zan sake shi a kan layi babu kowa a ciki ba.

Ina kuma roƙo, daga yau duk wanda ya zo maka da wata buƙata da ta yi maka kama da shirme, ka rubuta ta a jikin takardar odarsa. Ba ka san wanda ke kwance yana jira a bayanta ba.

Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya ji ƙan mahaifinka da ya tako hanyar da muka tako, ya shirya maka zuriya. Allah ya ba ka aboki na tsufa, ya kuma sa kada ka daɗe a bayansa.

In an duba ba a sami duka biyun ba, sai ɗaya, ina roƙon Allah ya sa na tsayen ne. Mai shebur yana nan da ransa, direban ne babu.

Wassalam.

Naka,
Garba Fayaman,
mai gyaran agogo da risho,
Ka'akiyya, Makka.