Labarin da Na Ba Inna a Asibiti

Talata, bayan sallar Isha'i, Birnin Kudu

Gobe da safe za a yi wa Inna aiki a ciki. Tun da muka kawo ta daga Gwaram hankalina bai kwanta ba.

Da la'asar ta ga na kasa zama wuri ɗaya, ta ce, "Malama, zo ki ba ni irin labarin da kike ba ɗalibanki." Abin da ya zo bakina shi ne tatsuniyar Girkawan dā, ta wasu tsofaffi uku da wai ƙaddarar kowa tana hannunsu. Ɗaya tana kaɗa zaren rai, ɗaya tana auna tsawonsa, ta ukun ta sa almakashi. Sai da na kai ƙarshe na gane abin da na faɗa wa mai jiran tiyata.

Inna ta yi dariya har tana dafe ciki. "Mutum uku a kan zare ɗaya? Ni da na tsufa ina kaɗi ni kaɗai?" Sai ta yi istigfari, ta ce wannan ikon na Allah ne. "Amma mai almakashin ta ba ni tausayi. Ba mai yi mata sannu da aiki."

Kuka ya ƙwace mini. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, kamar ni ce mara lafiyar. "Hadiza, abin da aka rubuta ba da ke aka yi shawara ba. Sauke shi daga kanki."

Likita ya hana ta cin komai, don haka ta tura mini tuwon da aka kawo mata, ta tsare ni da ido. Na cinye tas.

Allah ya tashe ta lafiya.