Ƙorafi Kan Birkin Motar da Ta Faɗa Binuwai da Ɗana Jalo

Daga: Modibbo Bobboyi Bappayo,
Unguwar Mbamoi, Yola.

Zuwa ga: Mai Girma Babban Di'o,
Ofishin Yanki, Yola,
Jihar Arewa Maso Gabas.

Ta hannun: Jauro, Mai Unguwar Mbamoi.

Litinin, 3 ga Disamba, 1973.

Game da: Sakaci da gyaran motocin Kamfanin Sufurin Alhaji Ɗanburam na Jimeta, da rasuwar direba Jalo Bobboyi da Malama Sabuwa, da ƙazafin da ya biyo baya.

Ranka ya daɗe,

Ina gaishe ka gaisuwar talaka ga shugabansa, tare da roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya kama maka a kan amanar da ke wuyanka. Ni ne mai suna a sama, mai karantarwa a zaure, shekaruna sun haura saba'in. Ban taɓa kai ƙarar kowa gaban hukuma ba, kuma da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai da na haɗiye shi. Ina neman izini in jero damuwata kamar haka.

1. Marigayi Jalo shi ne ɗana na biyu. Shekara shida yana tuƙa babbar mota mai bodin katako a kamfanin Alhaji Ɗanburam, yana ɗaukar kaya da fasinja tsakanin Jimeta da Song da Gombi. A tsawon wannan lokaci ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ban so masa tuƙi ba tun farko, karatu na so masa, amma da na ga yana riƙe salla yana ciyar da iyalinsa da halal sai na sa masa albarka.

2. Ranar Alhamis, 11 ga Oktoba, wadda ta zo daidai da sha biyar ga watan azumi, da hantsi, ya taso daga Gombi da buhunan gyaɗa da mutane a saman kaya. Da ya iso gangaren da ke sauka mashigar jirgin fito a ƙetaren Binuwai, birki ya ƙi. Malam Bawa mai jirgin fito yana wurin, kuma ya yarda ya maimaita abin da ya gani a gaban duk wanda ya kira shi. Ya ce mashigar cike take da mata da yara masu jiran jirgi. Ya ce tun daga saman gangare suka ji ƙarar odar motar ba tsayawa, suka ga Jalo ya fito da hannu yana korar mutane. Na saman kaya suka yi ta dirowa. Ƙofar direba a buɗe take, da ya so dirowa da ya dira, amma da motar ta bi ta kan masu jira. Sai ya karya sitiyari hagu, ya bar hanya, motar ta bi ta gaɓa ta faɗa inda ruwa ke da zurfi. Masunta ba su samu fito da shi ba sai bayan azahar, shi da Malama Sabuwa, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Jimeta, wadda ke zaune a gaba. Ta bar 'ya'ya huɗu. Ni na yi wa ɗana wanka da hannuna.

3. Ranka ya daɗe, ni ban san mota ba. Abin da na sani a cikinta shi ne a shiga a yi addu'a. Bayan sadakar arba'in na ɗauki sandata na hau mota zuwa Jimeta, na bi gareji-gareji ina tambaya kamar ɗalibi, don in san abin da ya kashe ɗana. Makanikai sun girmama furfurata, sun ba ni benci, sun nuna mini. Sun ce motar da ke aiki kullum a hanyar ƙasa irin tamu, duk wata sai an shigar da ita sabis: a juye baƙin mai a zuba sabo, a wanke matatar iska, a sa giris a gaɓoɓinta, a ɗaure abin da ya kwance. Kowace safiya kuma direba ya duba ruwan lagireto da iskar taya da man birki. Wani dattijo cikinsu ya kwance ƙafar wata mota ya ɗora mini fatar birki a tafin hannu, ya ce ita ke kama ƙafar idan an taka, kuma cinyewa take yi kamar takalmi, sai an canza. Ya nuna mini siririn bututun da man birki ke bi, ya ce idan ya tsage mai ya zube, ƙafar direba za ta nutse har ƙasa mota ba ta ji ba. Duk wanda na tambaya abu ɗaya ya faɗa: birki ba ya mutuwa rana ɗaya, sai ya daɗe yana gargaɗi.

4. Malam Absalom, mutumin Numan, shi ne babban makaniken kamfanin har zuwa farkon Oktoba. Ban neme shi ba, shi ya zo zaurena da ƙafarsa. Ya shaida mini cewa tun faɗuwar damina ba a shigar da motar Jalo sabis ba. Ya ce bututun man birki na baya ya tsage yana ɗiga, fatar birki ta cinye har ƙarfe na cin ƙarfe. Ya kai wa Alhaji maganar ba sau ɗaya ba, yana neman a tsayar da motar a sayo kayan gyara. Amsar da ya samu ita ce kaka ta kama, ba motar da za ta kwana a gareji. Daga baya aka umarce shi ya naɗe bututun da guntun roba, ya cika tukunyar birki da ruwan sabulu. Ya ƙi. Ranar 4 ga Oktoba aka sallame shi, aka sa wani ya yi. Kafin ya kwashe kayan aikinsa ya ja Jalo gefe ya faɗa masa halin da motar ke ciki.

5. Jalo ya je wurin Alhaji da kansa, a gaban direbobi biyu. Aka ce masa idan makulli ya yi masa nauyi ya ajiye, akwai masu jira a bakin ƙofa. A lokacin matarsa Asta na da tsohon ciki. Ita ta gaya mini, bayan an binne shi, cewa a satin nan ya faɗa mata sai ya taka birki sau da yawa kafin ya kama, kuma ya roƙe ta kada Baaba ya ji, wato ni, don kada hankalina ya tashi. Ya ce mata daga wannan zuwan zai nemi aiki a wani wuri.

6. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, kuma ina neman afuwa idan lafazina ya yi kaushi. Alhaji Ɗanburam ya zo ta'aziyya, ya zauna a kan buzuna, ya ɗaga hannu muka yi addu'a tare. Ba a yi mako ba sai ga magana ta fito daga bakinsa a tashar Jimeta, wai motarsa lafiya lau take, Jalo ne ya tsaya a Song ya sha burkutu. Mutumin da ke da azumi a bakinsa. Maganar ta zaga kasuwa, ta hau har Yola, ta shigo gidana ta bakin mata masu zuwa gaisuwa. Mijin Malama Sabuwa, wanda ranar jana'iza ya riƙe hannuna muka yi kuka tare, yanzu idan na yi masa sallama sai ya kau da kai. Ban ga laifinsa ba. An gaya masa mashayi ne ya kashe uwar 'ya'yansa.

7. Da ruwa ya ja baya an jawo motar, tana bayan garejin kamfanin an lulluɓe ta da tampol. Na sami labari an fara kwance sassanta ana ɗaura wa wasu motoci. Har zuwa makon jiya bututun nan yana jikinta da robarsa. Idan aka yi jinkiri ba za a same shi ba.

8. Sauran motocin kamfanin suna kan hanya. Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a tasha na duba su da ɗan abin da aka koya mini. Ɗaya tayarta ta cinye har zare ya fito. Ɗaya kuma, da ta tsaya, sai da aka yi gudu aka cusa mata dutse a ƙarƙashin taya, kuma na ga mai yana ɗiga ta bayanta. Na ɗaga murya na ce wa masu shiga su tambayi lafiyar birki tukuna. 'Yan kamasho suka riƙe ni suka fitar da ni waje, suna cewa baƙin ciki ya taɓa tsoho. Nan da 'yan kwanaki za a ba da hutun makaranta, kuma waɗannan motoci ne za su kwashi yaran Song da Gombi su bi da su ta gangaren nan.

Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina karantar da mutane cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma ban janye ba. Na karɓi hukuncin Ubangiji a kan ɗana. Amma abin da na karanta bai ce ƙaddara tana wanke mai ganganci ba. Saboda haka nake roƙo, cikin ƙanƙan da kai:

(a) A tura jami'in duba motoci ya ga motar da ta yi haɗari kafin a gama wargaza ta, a kuma hana taɓa ta daga yau.

(b) A tsayar da sauran motocin kamfanin har sai an duba birkinsu da tayoyinsu, an tabbatar ana shigar da su sabis a kan kari.

(c) A kira Malam Absalom da Malam Bawa da direbobin nan biyu a ji ta bakinsu. Ina roƙon a ji direbobin a keɓe, don har yanzu a hannun Alhaji suke cin abinci.

(d) Idan gaskiya ta bayyana, a sa Alhaji Ɗanburam ya janye maganarsa a tashar da ya faɗe ta, kuma a gaban mijin Malama Sabuwa.

Ban nemi komai don kaina ba. Haƙƙin marayu, nata da namu, na bar wa alƙali.

Asta ta sauka ranar 19 ga Nuwamba, an sami namiji. Ƙarfina ya ja baya, idanuna sun fara rauni, ba na zaton zan ga lokacin da zai yi wayo har ya tambayi yadda ubansa ya rasu. Kasuwa za ta riga ni ba shi amsa. Shi ya sa nake roƙon a ba ni sakamakon binciken a rubuce, da hatimin ofishinka, in damƙa wa uwarsa ta ajiye masa tun ina da rai.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama lafiya. Ina jiran umarninka, kuma duk ranar da aka kira ni zan zo.

Ni ne talakanka mai biyayya,

Modibbo Bobboyi Bappayo,
Mbamoi, Yola.