Tauraron Malam

Yayana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Yaya ƙafar Inna? Don Allah ka ce mata ta daina gaya wa maƙwabta wai aikina duba taurari ne. Ranar nan wata ta bugo mini waya in duba mata ko mijinta zai dawo. Ni da ko taga babu a ofishina. Manhaja kawai nake rubutawa, wadda ke karɓar bayanan da na'urar hangen taurari ta turo, ta rarrabe aya da tsakuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne. Malam, farfesan nan da ya ɗauke ni aiki lokacin da kowa ke cewa ban karanci ilmin taurari ba, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ɗakin kwamfutoci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ni na tsinci tabaransa a ƙasa.

Yana kwance a asibiti sabon shugaban cibiyarmu ya kira ni. Za a haɗa mu da wata sabuwar na'ura, ma'ajiyarmu kuwa ta cika maƙil, don haka in goge tsofaffin bayanan Malam kafin wata ya ƙare. Yaya, tauraro ɗaya Malam yake bi tun ba a haife ni ba. Haskensa kan dusashe ya dawo, ba wanda ya san dalili. Duk abin da ya tara yana nan cikin wani tsohon tsari da manhajata kaɗai ke iya karantawa, ita ma ban gama ta ba.

Ka sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga amsarka. Na ji daɗi da Inna ta fara taka ƙafar.

Ka ce in ajiye aikin in koma kamfanin wayar nan da ka nemo mini, in huta. Na san don ni kake faɗa. Amma in na tafi wani za a ba, wanda bai san bambancin wannan fayil da wancan ba, ya share duka ya tafi cin abincinsa. Shugaban ma ba mugu ba ne kamar yadda ka zata. Akwai ɗalibai da karatunsu ya tsaya cak suna jiran sabuwar na'urar, kullum ina wuce su a baranda suna kawar da kai.

Na rubuta wa cibiyoyi da dama. Ɗaya ta yarda ta karɓi bayanan, da sharaɗin sai na mayar da su sabon tsari. Manhajar kuwa tafiyar hawainiya take yi, ta ci karo da fayil da ya lalace ta tsaya. Ina wuni a ɗakin nan mai sanyi, cikin ƙugin injuna, har yatsuna su ƙage. Na riga na gane ba zan gama ba.

Na je asibiti da niyyar in tambayi Malam bayanan waɗanne shekaru zan fara ceto. Da na fara kewaye-kewaye sai ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, yana kallona. Hajiya, matarsa, ta jawo ni waje. Ta ce likita ya hana a gaya masa duk abin da zai tayar masa da hankali. Ta ce, “'Yata, na yi zaman kishi da tauraron nan tun ina amarya. Kada ki bari ya zama shi ne zai kashe mini miji.”

Na dawo ban tambaya ba.

Taka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan yara sun koma makaranta lafiya.

An gama. Na zaɓi shekarun da tauraron ya fi dusashewa, don na sha jin Malam yana cewa amsar tana can. Ko na yi daidai, Allah masani. Abin da na tura bai kai rabi ba. Sauran, da hannuna na rubuta umarnin goge su. Kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Shayin da ke gabana bai huce ba aka share abin da mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai. Shugaba ya leƙo ya yi mini sannu da aiki.

An sallami Malam, jiya na je gidansa. Na same shi a kujera a falo, an rufa masa bargo a gwiwa. Magana ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa, Hajiya na tsaye a bayansa ta kafe ni da ido, sannan ya ce, “Yana nan?”

Na ce, “Yana nan, Malam.”

Ya lumshe ido, rabin fuskarsa ya yi murmushi. Hajiya ta raka ni har bakin titi tana sa mini albarka.

Tun jiya nake gaya wa kaina ai tauraron yana nan a sama, ban taɓa shi ba. Amma na san abin da ya tambaya, shi ma ya san na sani. Hajiya ta ce da zarar ya iya riƙe sanda, ofis zai fara zuwa.

Kai ne babba, Yaya. Ka gaya mini abin da zan ce masa ranar.

A gaida Inna, kada ka karanta mata wannan.

Ƙanwarka,
Auta